Hawan Jini: Kafin A Ce Mutum Yana Da Shi, Yaya Aka Auna Shi?

Da wuya a sami wanda ya kai shekara arba'in a ƙasar nan da bai taɓa zama a wajen makoki ya ji ana ba da labarin mamaci da kalmomi kusan iri ɗaya ba: jiya-jiyan nan muka yi sallar isha'i a sahu ɗaya, lafiyarsa ƙalau, da asuba ya tashi zai yi alwala sai ya yanke jiki ya faɗi. Sai a yi salati, a ce kwana ya ƙare, kuma haƙiƙa kwanan ne ya ƙare. To amma idan aka ɗan tsananta tambaya, sau da yawa sai a tarar bawan Allah ya shafe shekaru yana yawo da hawan jini ba tare da ya sani ba, alhali ya sha zuwa asibitin unguwarsu, an ba shi maganin zazzaɓi, an ba shi na ciwon baya, amma ba a taɓa ɗaura masa na'urar awo a dantse ba.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba, domin shi ba ya kai mu makoki nan take. Wani ƙanen mahaifina, mutum mai ƙiba da son goro, ya taɓa tsayawa a wani kemis da tsakar rana, ya sauko daga babur yana haki, ya ce kansa na ciwo. Yaron shagon ya ɗaura masa na'ura a kan hannun rigarsa, yana tsaye jingine da kanta suna hira, ya duba lamba ya girgiza kai, ya ce, "Baba, ai jininka ya hau sosai." Nan take aka haɗa masa magani kala biyu. Tun daga ranar ya ɗauki kansa majinyaci, ya soma jin jiri duk lokacin da ya miƙe tsaye, iyalinsa kuma suka ɗauka ciwon ne ke ƙaruwa. Waɗannan mutane biyu, wanda ba a auna ba da wanda aka auna ba bisa ƙa'ida ba, matsalarsu guda ce, kuma a wuri guda take, wato a matakin farko na kiwon lafiya, inda mafi yawan jama'armu suke fara kai kukansu, da yawa ma a nan suke tsayawa.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2023 ya nuna cewa masu hawan jini a duniya, daga 'yan shekara 30 zuwa 79, sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. A Nijeriya, nazarce-nazarcen da aka tattara sun nuna kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku yana ɗauke da shi. Dalilin rashin sanin kuwa a fili yake. Hawan jini ba shi da alama a mafi yawan lokuta. Ciwon kai da jiri da rashin barci da muke jingina masa ba su ne ma'auni ba. Mutum na iya samunsu jininsa daidai, wani kuma jininsa ya yi tashin gwauron zabo yana cin tuwonsa yana dariya. Harshenmu ma ya taimaka wajen ruɗa mu, domin mun mayar da hawan jini sunan ɓacin rai, har uwa ta ce wa ɗanta kada ya sa mata hawan jini, sai mai kwanciyar hankali ya ɗauka shi ya tsira. Wasu kuma suna zaton yawan jini ne a jiki, wato kishiyar ƙarancin jini, alhali maganar ta ƙarfin da jini ke danna bangon jijiyoyi ce yayin da zuciya ke tura shi. Hanya ɗaya tak ake gane shi, ita ce awo. Saboda haka duk nauyin ya koma kan yadda aka yi awon.

Wani malamin coci ɗan Ingila, Stephen Hales, shi ne ya fara auna ƙarfin jini, inda a littafinsa na 1733 ya bayyana yadda ya sa dogon bututun gilashi a jijiyar wata goɗiya, jinin ya haura sama da ƙafa 8. Sai a 1896 likitan Italiya Scipione Riva-Rocci ya fito da maɗaurin da ake naɗawa a dantse a hura masa iska, sannan a 1905 likitan sojan Rasha Nikolai Korotkoff ya gano cewa idan aka saurari jijiyar gwiwar hannu yayin da ake sassauta iskar, akwai sautin da ke fara fitowa, akwai kuma inda yake ɓacewa. Inda sautin ya fara shi ne lambar sama, lokacin da zuciya ta matse ta tura jini. Inda ya ɓace shi ne lambar ƙasa, lokacin da ta saki tana hutawa. Wannan shi ne asalin lambobi biyun da ake rubuta mana a kati, kamar 120 bisa 80. Ko bayan an iya awon, an daɗe ba a ɗauki abin da muhimmanci ba. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu a watan Afrilun 1945 sakamakon fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa, jininsa ya kai 300 bisa 190, bayan shekaru yana hawa a gaban idon likitocinsa.

A yau iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wadda kuma ake aiki da ita a Nijeriya, ita ce 140 bisa 90, da sharaɗin a same ta a ranaku biyu mabambanta. Amurkawa sun sauko da tasu zuwa 130 bisa 80 tun 2017, abin da ya sa ɗan boko kan karanta wani abu a intanet ya zo yana jayayya da likitansa. A ganina wannan jayayya ba ita ce a gabanmu ba. Wanda muduwansa lanƙwasasshe ne, ba muhawarar ko tiya nawa ke cikin buhu ce ta dame shi ba. Sharaɗin ranaku biyu shi ne abin riƙewa, domin jinin ɗan Adam ba tsaye yake wuri ɗaya kamar tsayinsa ba. Yana hawa yana sauka daga minti zuwa minti, da tafiya, da magana, da tsoro, da zafin ciwo. Ƙungiyar masana hawan jini ta duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta nemi a ga mutum sau biyu zuwa uku, da tazarar mako ɗaya zuwa huɗu, kafin a yanke hukunci, sai fa idan awon ya kai 180 bisa 110 kuma akwai alamun cewa zuciya ko jijiyoyi sun riga sun taɓu, wanda a nan jira ganganci ne.

Yadda ake awon kansa ba wani sirri ba ne, kuma ba ya buƙatar digiri. Mutum zai guji taba da shayi da gahawa da motsa jiki na rabin awa kafin awo, kuma a nan dole mu ƙara goro da bakinmu, domin sinadarin da ke cikin gahawa mai tayar da jini yana cikin goro, waɗanda suka rubuta ƙa'idojin a Turai kuwa ba su san dattijon da ke shigowa asibiti da ɓarin goro a kunci ba. Zai yi fitsari idan yana ji, domin cikakkiyar mafitsara na iya ƙara lamba har kusan 10. Zai zauna a kujera mai majingina na minti 5, ƙafafunsa a ƙasa ba a harɗe ba, dantsensa a buɗe, hannunsa a ɗore bisa tebur daidai da saitin zuciya. Ba zai yi magana ba, mai awon ma ba zai ja shi da hira ba, abin da ke da wuya ga Bahaushe, wanda gaisuwarsa kaɗai kan ci minti biyu. A zuwan farko a auna hannu biyu, idan akwai bambanci a riƙa amfani da wanda ya fi hawa. Sannan ba sau ɗaya ake awon ba: sau biyu ko uku ne, da tazarar minti ɗaya, a ɗauki matsakaicin na ƙarshen, domin awon farko shi ya fi yawan hawa.

Mai karatu zai iya cewa wannan duk tsirfar likitoci ce. To ga lissafi. Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun wallafa wani gwaji a 2024, inda suka gano cewa idan mutum ya ɗora hannunsa a cinya maimakon tebur, lambar sama kan ƙaru da kusan 4, idan kuma ya bar shi yana reto a gefe, takan ƙaru da kusan 6 da rabi. Shekara guda kafin nan, a 2023, masu bincike na jami'ar sun gwada girman maɗauri, suka tarar cewa mutumin da dantsensa ke buƙatar maɗauri mafi girma, idan aka sa masa matsakaici, lambar samansa kan ƙaru da kusan 20. Ashirin fa! Wato mai 125 sai ya koma mai 145, ya shigo lafiyayye ya fita majinyaci. Mai siririn dantse kuma, idan maɗaurin ya yi masa yawa, sai lambarsa ta ragu, a sallame shi da albishir na ƙarya. Ƙa'ida ita ce jakar iskar da ke cikin maɗaurin ta zagaye kimanin kashi 80 cikin 100 na kaurin dantse. Yanzu mai karatu ya tuna asibitin sha-ka-tafi na ƙarshe da ya shiga. Maɗauri nawa ya gani? Guda ɗaya ne, shi ake naɗa wa hajiya mai jiki, shi ake naɗa wa tsohon makiyayin da dantsensa bai fi sanda ba. Ya kuma tuna inda aka zaunar da shi: benci ne marar majingina a baranda, layi ya yi tsawo, mai awon na kiran na gaba tun kafin iskar ta gama fita.

Tufafinmu ma suna da nasu rabon. Mai babbar riga ko doguwar riga mai matsattsen hannu yakan naɗe hannun rigar sama har ya shaƙe dantse, wanda shi ma yana ɓata awo. Mace kuwa, idan namiji ne mai awon, sau da yawa ba za ta so buɗe dantsenta ba, shi ma yana jin nauyin ya nema, sai a ɗaura a kan hijabi da riga a wuce wurin. Wannan ba matsalar da za a warware da faɗa ba ce. Labule ɗaya da ma'aikaciya mace sun isa.

Sai na'urar kanta. Tsohuwar mai ruwan zaiba, wadda aka daɗe ana ɗauka ita ce uwar ma'aunai, tana kan hanyar ɓacewa, domin yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijeriya ta rattaba wa hannu, ta sa 2020 a matsayin wa'adin daina ƙera irinta da fataucinta tsakanin ƙasashe, saboda gubar zaiba. Wadda ta cike gurbinta a ƙananan asibitocinmu ita ce mai allura kamar agogo. Ita kuwa ba ta jure faɗuwa da jijjigar babur. A hankali take kaucewa ba tare da ta nuna alama ba, shi ya sa ake so a riƙa gwada ta da ingantaccen ma'auni a kai a kai, kamar duk wata shida. Ni dai ban taɓa ganin takardar irin wannan gwaji manne a jikin wata na'ura a ƙaramin asibiti ba. Bugu da ƙari, ita da mai zaiba duk sun dogara ga kunne da haƙurin mai awo. Ana so a riƙa sakin iskar a hankali, kimanin lamba 2 zuwa 3 a daƙiƙa, amma mai gaggawa sakinta yake yi fuu. Akwai kuma wata ɗabi'a da aka daɗe da ganowa a ko'ina cikin duniya, ta son lambar da ta ƙare da sifiri. Duk wanda ya buɗe rajistar asibiti ya ga 120 bisa 80, 130 bisa 90, 140 bisa 90 sun jeru shafi bayan shafi, to ya san ba jinin mutane ne ya iya lissafi haka ba, alƙalami ne ke cike gibi. Mai 136 da mai 144 duk sai a rubuta musu 140, alhali ɗaya yana ƙasa da iyaka, ɗaya yana samanta.

Wannan ne ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koma ga na'urori masu aiki da kansu, masu maɗaurin dantse, waɗanda aka tabbatar da ingancinsu. Sharaɗin tabbatarwar nan shi ne ƙashin bayan maganar. Irin waɗannan na'urori ba sauraron sauti suke yi ba, motsin jijiya suke ji ta cikin maɗauri, sannan su yi lissafi da wata dabarar da kowane kamfani ya ɓoye tasa. Idan ba a gwada na'ura a jikin mutane an kwatanta ta da awon ƙwararru ba, babu wanda ya san abin da take ƙirgawa. Binciken da aka yi a kasuwannin duniya ya nuna mafi yawan waɗanda ake sayarwa ba su bi ta wannan gwaji ba. Akwai jerin waɗanda suka ci jarrabawar a shafin STRIDE BP, kyauta ne ga duk mai waya, kuma ya kamata duk jami'in da ke sayo wa ƙaramar hukuma kayan asibiti ya duba shi kafin ya sa hannu a takardar kwangila. Na ɗaurawa a wuyan hannu ba su kai na dantse aminci ba, agogunan zamani da ke da'awar awon jini ba tare da maɗauri ba kuwa, masana ba su amince a kafa hukunci da su ba. Ita ma mai aiki da kanta tana da rauninta: idan bugun zuciyar mutum ba ya tafiya daidai takan ruɗe, don haka ake so mai awo ya fara taɓa jijiyar wuyan hannu ya ji bugun. Tana kuma cin batir, kuma kowa ya san yadda na'urar dubban nairori kan kwana a cikin durowa saboda rashin batir huɗu.

Ko an cika duk waɗannan sharuɗɗa, akwai sauran rina a kaba, wato shi kansa asibitin da abin da yake jefawa a zuciyar mutum. A 1983 Giuseppe Mancia da abokan aikinsa a birnin Milan sun sa wa majinyata na'urar da ke bin jininsu bugu bayan bugu, sai suka ga da zarar likita ya iso bakin gado, lambar sama kan yi tsalle da kusan 27 cikin 'yan mintoci. Da suka maimaita da nas a maimakon likita, tsallen ya ragu da kusan rabi. A 1988 Thomas Pickering a birnin New York ya nuna cewa kimanin ɗaya cikin biyar na waɗanda ake wa kallon masu matsakaicin hawan jini a asibiti, jininsu daidai yake idan sun koma harkokinsu. Wannan shi ake kira hawan jinin farar riga, saboda farar rigar likita. Akwai kuma kishiyarsa, wanda ya fi shi haɗari, wato ɓoyayyen hawan jini: a asibiti lafiya lau, a gida da wurin aiki da cikin barci kuwa a sama yake, yana cin zuciya da ƙoda a asirce. Binciken da aka yi a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka ya nuna yana da yawa a cikinsu.

Maganin wannan ruɗani shi ne a auna mutum a wajen asibiti. Hanya mafi inganci ita ce na'urar da ake rataya wa mutum ya yini ya kwana da ita, tana awo da kanta duk bayan minti 15 zuwa 30 da rana, da daddare kuma a ɗan tsawaita. Tun 2011 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce duk wanda aka samu da 140 bisa 90 a asibiti, a tabbatar da wannan na'ura kafin a ɗora shi kan magani. A wurinmu sai a asibitocin koyarwa da manyan asibitoci masu zaman kansu ake ganinta, kuma ba na jin mai hankali zai nemi a kai ta kowace mazaɓa. Hanya ta biyu ita ce ta fi kusa da hannunmu, wato awon gida. Mutum zai auna sau biyu da safe, sau biyu da yamma, yana zaune, na tsawon kwana 7, ko aƙalla 4, ya rubuta duka. A watsar da na ranar farko, a ɗauki matsakaicin sauran. Iyakar awon gida kuwa 135 bisa 85 ce, ba 140 bisa 90 ba, abin da masu na'ura a gida da yawa ba su sani ba. Ban ga abin da zai hana ƙaramin asibiti ya ajiye na'urori biyar ko shida na aro ba, mutum ya ajiye katinsa ya tafi da ɗaya na mako guda, ko kuma jami'an lafiya na unguwa su riƙa bin waɗanda ake shakku a kansu har gida. Awon da ake yi a masallatai da kasuwanni da tashoshin mota, musamman a watan Mayu, wanda ranar 17 gare shi ce ranar hawan jini ta duniya, abu ne mai kyau ƙwarai, amma tankaɗe ne kawai na gano wanda za a tura asibiti. Kuskure ne a miƙa wa mutum magani a gindin rumfa bisa awo guda.

Ba daga sifiri za mu fara ba. Tun zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, aka gina tsarinmu a kan jami'an lafiya na al'umma, kuma a 1992 aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa. Sai dai an horar da tsarin ne a kan rigakafi da awon ciki da zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa mace mai juna biyu ta fi mijinta samun damar a auna jininta sau goma. A 2020 ma'aikatar lafiya ta tarayya, da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Resolve to Save Lives, ta fara wani shiri na shawo kan hawan jini a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun, a shekarar kuma Jami'ar Abuja ta fara makamancinsa a asibitoci 60 na Babban Birnin Tarayya. Abin da shirye-shiryen biyu suka dogara a kai ba shi da sarƙaƙiya: a auna duk baligin da ya shigo ko da me ya kawo shi, a yi amfani da na'ura mai aiki da kanta, a buɗe wa mutum kati, a ba shi ranar dawowa, kuma jami'in lafiya ya fara ba da magani bisa rubutacciyar ƙa'ida ba sai an jira likita ba. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 sun amince da haka, muddin akwai horo da sa ido.

Idan an tabbatar da ciwon, akwai 'yan tambayoyi da gwaje-gwajen da bai kamata a tsallake ba. A tambayi mutum magungunan da yake sha, domin magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda leburori da tsofaffi masu ciwon gwiwa ke sha kamar gyaɗa, suna tayar da jini, haka ma wasu ƙwayoyin tsarin iyali. A duba fitsari ko akwai alamar ƙoda ta fara yoyo, a duba sukari, inda hali ya yi a auna aikin ƙoda da hoton bugun zuciya, ko da yake rashin waɗannan bai kamata ya jinkirta fara magani ba. Tsoho da mai ciwon sukari da mai kukan jiri a auna su a zaune, a sake aunawa a tsaye, domin idan lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye bayan miƙewa, magani mai ƙarfi na iya kayar da su. Matashin da bai kai 40 ba kuma jininsa ya hau sosai, a tura shi babban asibiti a nemi musabbabi.

Shi ƙanen mahaifin nawa, bayan wata uku yana fama da jiri, wata jami'ar lafiya ce a ƙaramin asibitin garinsu ta sa ya tofar da goronsa ya jira rabin awa, ta aro babban maɗauri daga ɗakin awon ciki, ta zaunar da shi a kujerarta ita ta tsaya. Da ta ga lambar ta yi ƙasa da yawa, ta tura shi wurin likita, aka dakatar da maganin, aka sa shi awon gida na mako guda bayan ƙwayoyin sun bar jikinsa. Matsakaicin ya fito 128 bisa 82. An ce ya rage gishiri da dunƙulen miya, ya dawo bayan wata shida a sake dubawa, kuma an rubuta ranar a katinsa.